Maiƙo a Rufin Fijo

Yau ma Malam Alasan ya tarar da tabon maiƙo a yadin rufin Fijonsa, daidai saman kujerar direba. Ya danna tsumma mai kumfar sabulu a hankali, ya shinshina. Man shanu ne. Shi kuwa kansa a aske yake ƙwal, kuma a gida motar take wuni idan ya taka zuwa makarantar Kiru koyarwa.

Ya kira ƙanensa Haladu, mai tara suma irin ta samarin zamani.

"Kai kake satar min mota, kana buga kai da rufinta a gargadar hanyar Yako. Tattara kayanka ka bar gidan nan."

"Wallahi Yaya, ko makullin ban taɓa riƙewa ba!"

"To aljani ne yake shafa man shanu?"

Matarsa Zaituna ta fito daga madafa, ta karɓi tsumman a hannunsa, ta sa baki.

"Malam, ƙyale Haladu. Man kitsona ne, ta ɗankwali yake ratsowa. Kuma don Allah a duba birkin nan, ina takawa yana ja hagu."