Layin Ƙarshe a Faifan Inna

"Yanka mini faifan garmaho na waƙoƙin Inna, zan sa wa baƙi ranar buɗe gidana," in ji yayana, wanda bai leƙa mahaifiyar tamu ba har ta rasu a asibiti.

Wata bakwai na yi a shagona na Anguwan Rogo ina koyon injin yanka faifai. Faifai talatin na ɓata kafin na iya haɗe layin ƙarshe, yadda allura za ta yi ta zagaye ba mafita.

Ranar taron, da waƙa ta ƙare, sai ga muryar Inna da na ɗauka a gadon jinya, tana ta tambayar yayana: "Ya zo? Ya zo? Ya zo?"

Ban motsa ba. Ba za ta yi shiru ba sai shi ya tashi gaban jama'a ya ɗage allurar da hannunsa.