Direban Tanka da Motar da Ya Ƙi Ɗauka

Tanimu, an ce mini ka ɓoye sandar da likita ya ba ka a bayan ƙofa, wai kada mutanen masallaci su ce ka tsufa. Gyara zama in ba ka misalin wani mutum da na sani.

Direban tanka ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon mai tsakanin Legas da Arewa. Tun yana saurayi ya taɓa ganin wata ƙaramar jar mota a bakin tashar jiragen ruwa, mai kujera biyu, rufinta na naɗewa baya kamar laima, sai ta zauna masa a rai. Da ya ajiye aiki, 'ya'ya duk sun kama gabansu, ya ce wa matarsa lokaci ya yi da su ma za su sha iska. Suka tafi wurin masu sayar da motoci 'yan Kwatano, da rakiyar abokansa biyu, tsofaffin direbobi irinsa. Aka yi dace akwai irin motar har guda biyu a jere. Ɗaya atomatik ce, tana canza giya da kanta, ɗayar kuma ta hannu ce, sai an taka kuloci. To a lokacin ƙafarsa ta hagu, wadda da ita ake taka kulocin, ta fara yi masa nauyi. In ya tashi da safe sai ya ji ta kamar ba tasa ba, likita kuma ya riga ya ja masa kunne a kan hawan jini. Matar ta ja shi gefe ta tuna masa da haka. Ta ce ya ɗauki atomatik ɗin, ai ita ma ta iya tuƙa irinta tun tana aikin jinya, duk ranar da ƙafar ta gaji sai ta karɓe shi. Ya shiga atomatik ɗin ya zagaya filin da ita, iska na kaɗa masa riga, ƙafar hagu na miƙe tana hutawa, ya dawo yana murmushi. Sai ɗaya daga cikin abokan ya bushe da dariya ya ce, "Kai da ka sha hawa tudu da tanka cike, yau kai ne a motar 'yan koyo?" Murmushin ya ɗauke. Ya fito ya rufe ƙofar, bai ko dubi matarsa ba, ya ce shi ba a canza masa giya, a ba shi ta hannu. A hanyar gida idon matar na kan ƙafar tasa duk sanda ya ɗaga ta da ƙyar zai taka kuloci.

Rani bai ƙare ba, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, ya kife a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, matar ta koma wurin dillalin ko za a yi musu musaya. Ya ce waccan an daɗe da sayar da ita, wannan kuwa ba mai tambayar irinta, masu sha'awar motar yawo ba sa son wahalar kuloci. Ta dawo ta ce to za ta koya. Maƙwabta sukan ciccibo shi su zaunar da shi a gefenta, yana yi mata bayani da karkataccen baki, rabin maganar ba ta fita. Motar ta yi tsalle ta mutu, a sake tayarwa ta sake mutuwa, ita ma ga gwiwa ta tsufa. Shi da giya ke yi wa biyayya tun kafin ya yi gemu, yana ji ana gurza ta kusa da hannunsa, hannun ya ƙi ɗaguwa. Ran nan ta saki kulocin gaba ɗaya, motar ta zabura ta daki katangar maƙwabci, fitila ta tarwatse, goshinsa ya fashe. Ta zare mukulli ta sa masa a tafin hannun dama, hawaye na zuba, ta ce, "Alhaji, na kasa." Bai yi mata faɗa ba, ya dai juya kai gefe.

Tun daga ranar, zuwa asibiti gashin ƙashi sai a adaidaita sahu. A naɗe shi a cusa, ƙafar na reto a waje, a wuce da shi ta gaban motarsa. Abokin da ya yi dariyar ya zo dubiya, matar ta tuna masa maganarsa, ya yi mamaki ƙwarai, ya ce shi wallahi wasa yake yi, har ya manta ya faɗa. Bai ƙara dawowa ba. Batirin motar ya mutu rufinta rabi a buɗe, damina ta sauka a kan kujerun har suka yi funfuna, tayoyi suka sace, awaki suka mai da ƙarƙashinta makwanci. Da farko yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida da la'asar, ya yi ta kallon motar. Daga baya ya roƙi a juya masa tabarmar ta fuskanci bango, kuma a haka yake zama har Allah Ya karɓi abinsa. Matar ba ta bari an ja motar ba, ba ta kuma sake taɓa sitiyarin kowace mota ba.

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, girman kai rawanin tsiya.