Littafin Da Ke Ƙasan Akwati

Ranar da aka sako Régis daga kurkuku bai nufi gida ba, don babu gidan. Bakin kogin Seine ya nufa, inda masu sayar da tsofaffin littattafai ke jera korayen akwatunansu a kan katanga. A wurin da yake kasa nasa littattafan shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya tarar da Honoré, tsohon maƙwabcinsa a sana'a, wanda ya matso nan bayan an kama Régis. Wuri ne mai ciniki, ba a barin irinsa haka nan.

Suka rungume juna, Honoré har da hawaye. Régis bai ɓoye masa komai ba. Wata wasiƙa marar suna ce ta sa aka ɗora masa kisan wani dillalin littattafai, kuma ya gama yanke cewa Marcelin ne ya aika ta, mai akwatunan kusa da gada, wanda suka taɓa ba hammata iska. Wuƙa na cikin aljihun kwat ɗin Régis.

Honoré ya yi lallashi har yawunsa ya ƙafe. Da abin ya ƙi, sai ya koma ga abin da ya iya. Mutanen bakin kogin nan, ko ciwon haƙori ka kawo musu, littafi za su miƙa maka. Ya tona ƙasan akwati ya zaro wani tsohon labari mai juzu'i biyu, na wani da aka ɗaure bisa ƙarya, ya fito ya bi maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya.

"Karanta har ƙarshe kafin ka taɓa kowa, ɗan'uwa," in ji shi. "Na biyun nake so ka gani. Ka ga yadda ramuwa ke cinye mai yin ta."

Juzu'an biyu na naɗe cikin leda saboda danshin kogi, ledar har ta yi ja don tsufa. A sana'ar nan, in aka naɗe littafi ba a sake buɗe shi sai a hannun wanda ya saya.

Kwana tara Marcelin, bawan Allah, yana buɗe akwatunansa yana rufewa, bai san ransa na rataye da haƙurin mai karatu ba.

Rana ta goma, da hantsi, Régis ya dawo. Ya ce ya fita harkar Marcelin, ba zai taɓa shi ba. Honoré ya yi ajiyar zuciya, ya ce dama ya san littafin zai yi aiki, ya tambaya ko ƙarshen ya ratsa shi.

"Ban kai ƙarshen ba, tsoho. A tsakiyar na biyu na tsaya."

Ya aza littafin a kan akwati, ya ɗaga shafi ɗaya da hannun hagu. Rana ta ratso ta wasu ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu. Ya ɗaga wani shafin, shi ma haka. Hannunsa na dama bai fito daga aljihu ba.

Wasiƙar da aka nuna a kotu ba rubutun hannu ba ce. Kalmomi ne talatin da ɗaya aka yanko da almakashi aka manna a takarda, kuma Régis ya haddace su kaf. Sai a lokacin Honoré ya tuna daga wane littafi shi da kansa ya yanko su.