Gaisuwar Suruki Ranar Tsere

A yi haƙuri da rubutun nan, ban iya tsara magana ba. Yadda na ji Kaka yana ba Kawu misalin, haka na kwaso shi.

Wai wani manomin albasa ne ya shiga tseren gudu na kan titi, don an ce wanda ya ci za a ba shi injin ban ruwa. Shi kuwa albasarsa a fadama har ta fara kwanciya don ƙishi. Kowane ɗan tsere an ɗaura masa wata 'yar na'ura a igiyar takalmi: ka taka layin farawa ta soma ƙirga maka lokaci, ka taka na ƙarshe ta tsaya. Manomi ya yi sammako ya samu sahun gaba, sai ya hango surukinsa a bakin titi, ya dogaro sanda ya zo kallo. To, ina mutum zai tsaya ƙerere gaban uban matarsa, ga shi da gajeren wando? Ya fita daga sahu, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Tsohon kuwa ba ya gajarta gaisuwa: ina gida, ina gajiya, ya yara, ya albasa. Ana cikin "lafiya lau, Baba" aka busa usur. Kafin ya gama ɗaura takalma, ba ya ganin komai sai ƙeyar mutane can nesa.

Ya bi su. Ya wuce masu tumbi, ya wuce samari, ya yi ta wucewa har yana jin ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Mutum ɗaya ya gagare shi, wani dogon tela, shi ma da ƙyar ya riga shi tsinka zaren da aka gitta a layin ƙarshe. Da aka duba na'ura, sai ta nuna lokacin manomi ya fi na kowa gajarta. Alƙalai suka haɗa kai. Wani ya ce na'ura ba ta ƙarya. Babbansu ya ce, "Tsere muke yi ko awon hatsi? Da tela ya san da wani yake kokawa, ai da ya ƙara wuta. Jama'a sun ga wanda ya fara isowa. Wa zai je ya ce musu takalmi ne ya ci?" Manomi na tsaye yana ji, kuma abin da ya fi ci masa rai, bai ga ƙarya a maganar ba.

Aka ɗora wa tela inji, mutumin da ko shukar tukunya ba shi da ita. Suruki ya matso ya ce, "Sannu, yaro. Na biyu ma arziki ne. Amma gobe ka riƙa fitowa da wuri." Manomi ya sake durƙusawa ya ce, "Haka ne, Baba." Da la'asar ya ɗauki guga ya gangara fadama.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.