Abin da Ya Toshe Murhu

"Yalla, yi sauri, Sualah! Har yanzu dutsen nan sanyi ƙalau!" uwar ɗakinsa ta daka masa tsawa.

Shekara uku yana aikatau a gidan gonarsu a bayan Dubai, ba a taɓa kunna murhun dutsen da ke ɗumama falo ba sai yau, da sanyin Janairu ya matsa, maigida kuma ya yi tafiya. Itacen busasshe ne, amma sai hayaƙi. Wani abu ya toshe bututun hayaƙin. Sualah ya yi ta fifita har wuta ta cinye abin, falo ya ɗumama.

"Khalas, shi ke nan, ya gyaru," in ji ta.

Sai ƙonannen littafi ya faɗo cikin toka, da rabin hoton Sualah a jiki. Ashe nan maigida ya ɓoye fasfon da kullum Sualah ke roƙo don ya koma Kumasi.