Wurin Girma

Har yau in na ji warin bagaruwa, sai in ga kaina tsaye a kan ƙirgi a zaurenmu na Bukan Sidi. Babana baduku ne, kuma ba ya fara yanka fata daga tsakiya. Gefe yake bi, kada ko ƙyalle ya tafi a banza. Amma ran nan bayan la'asar, da ya ga silifas ɗina ya tsinke, sai ya shimfiɗa sabon ƙirgin da ya sayo don jakar wani manomin doya na Agyaragu, ya ce in hau daidai gadon bayan.

Inna ta leƙo. "Malam, tsakiyar fata? Jakar mutane fa?"

"Nan ne mai kauri," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya zagaye ƙafata da bakin basilla, ina ta dariya saboda cakulkuli. Da na sauka, sai na ga zanen ya fi ƙafata nesa ba kusa ba. Na turo baki, na ce yara za su tsokane ni.

Ya shafa zanen da babban yatsa. "Uwata, wurin girma na bar miki. Ran da kika cika shi, ki zo in sake auna ki."

Kafin ƙafata ta cika takalmin, Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu in mai shagon takalma ya tambaye ni lamba nawa nake sawa, sai in sunkuya in kalli ƙafata. Na san lambar sarai. Ni dai so nake a ce in hau ƙirgi.