Jaririn da ke zaune a littafin Malam

Kakata Inna ce ta raine ni, ungozomar layinmu a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Uwata wajen haihuwata ta rasu, kuma ba a maganar a gidanmu.

Shekarar da naira ta fito, wata la'asar, malamin makarantar da ke haya a wurinmu, wani Batangale, ya fito da wani littafi. Wai zanen wani mutumin Italiya ne mai ƙere-ƙere, tun zamanin da. Ya buɗe wa Inna hoton jariri a mahaifa, a dunƙule, kai bisa gwiwa.

Inna ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan ai a zaune yake, ta ƙafa zai zo. Uwar ta tashi kuwa?"

Ya sosa kai. "Inna, gawa yake buɗewa ya zana."

Ta jawo ni cinyarta, ta haɗa dugadugaina biyu a hannu ɗaya, ta matse har na ji zafi.

Sai da na haifi biyar na shiga yaƙi da jahilci. Yau ko katin asibiti aka miƙo mini, da kaina nake karantawa. Amma yadda uwata ta tafi, da ko ni ma ta ƙafa na zo, ba wanda ya rubuta. Inna kaɗai ta gani, ni kuwa ranar da Malam ya kawo littafin ƙafafuna kawai na fizge na tafi wasa.